Nomau da Kifayen Falon Alhaji Sallau

A gidan Alhaji Sallau da ke Funtuwa mutum uku ne: shi, da matarsa Hajiya Tabawa, da ƙanensa Nomau, wanda ya zo daga ƙauye gaisuwar Sallah ya ɗanɗana ruwan firiji ya ƙi komawa. Nomau ya ba arba'in baya, ba ya ƙarya, ba ya gardama, illarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Da Alhaji ya sayo akwatin gilashi cike da kifayen ado, ja da rawaya, har da ɗan injin da ke hura musu iska, Nomau ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya yaushe za a soya. Aka yi dariya, aka ɗora masa kula da su. To, ba a jima ba kifayen suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san dalili.

Wata rana Alhaji ya ce ya gano matsalar, yunwa ce. “Da ka ga sun buɗe baki, ka ba su abinci.” Nomau ya jawo kujera ya zauna. Kifi kuwa ina ya taɓa rufe baki? Kafin azahar gwangwanin abincinsu ya ƙare, ya koma kan garin kwaki, daga nan ya marmasa ƙuli-ƙuli. Da Alhaji ya dawo ruwan ya zama kunu, biyu sun juya ciki sama.

“Nomau! Me zan gani haka?”

“Wallahi Yaya, har yanzu ba su ƙoshi ba. Dubi wancan.”

Wata rana kuma Alhaji ya buga wa mai sayar da kifin waya, ya dawo da sabon ilimi. “Ka zubar da tsohon ruwan ka zuba sabo. Amma ruwan famfo akwai magani a ciki, sai ya kwana a bokiti tukuna.” Nomau ya bi maganar daki-daki. Ya zubar da tsohon, ya tari sabon ya ajiye, sai ga shi tsaye da kifaye a tafin hannu suna mutsu-mutsu, ba masauki. Ya waiga, ya hangi butar Alhaji da ruwa a ciki. Da asuba Alhaji ya tsuguna zai yi alwala, ya karkata buta, ruwa ya ƙi fitowa. Ya buɗe murfi ya leƙa, idanu suka leƙo shi. Salatin da ya saki har maƙwabta sai da suka fito ba takalmi.

Daga nan aka hana Nomau taɓa komai, amma mutuwar ba ta tsaya ba, har ya rage saura ja guda ɗaya. Alhaji ya nuna shi da yatsa. “Ranar da wannan ya mutu, ranar za ka hau motar ƙauye.” Hankalin Nomau ya tashi ƙwarai. Ko teburin mai shayi da yake zuwa hira kullum bayan magariba ya daina zuwa, ya tare gaban gilashi yana roƙon kifin ya rufa masa asiri.

Wata rana da magariba Hajiya Tabawa ta shigo falo da maganin sauro na fesawa, kamar yadda ta saba a lokacin da Nomau ke wajen shayi. “Tashi Nomau, zan fesa in rufe ƙofa. Duk mai numfashi ya fita.” Nomau ya dubi kifin, ya ga shi ma numfashi yake yi. Ya rungumi akwatin ya ɗaga da bismilla, ya yi taku biyu, santsi ya kwashe shi. Tartsatsa! Ruwa ya malale dardumar Hajiya, ita kuma ta ɗane kujera tana ihu. Nomau ya cafke kifin, ya ruga tsakar gida ya jefa shi a bokitin ruwan da ya kwana. Bai jira a kore shi ba, ya shiga ɗaki ya tura kayansa a buhu yana share hawaye.

Washegari mai kifi ya kawo sabon akwati. Yana shiga falo ya yi atishawa, ya dubi Hajiya.

“Maganin sauro kuke fesawa a nan?”

“Kullum. Me ya faru?”

“Ai shi ne ajalinsu. Injin nan iskar ɗaki yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Wa ya yi dabarar fitar da wancan na bokiti?”

A bokiti jan kifin sai wulƙawa yake yi, lafiya lau. Hajiya ta tura gwangwanin fesawar bayan kujera da ƙafa. Alhaji ya yi gyaran murya, ya dubi ƙanensa da ke bakin ƙofa da buhu a ka, kunya ta kama shi.

“Mayar da kayanka, Nomau. Ba inda za ka.”

Da la'asar Hajiya ta miƙo masa kuɗin burodi. Nomau ya gyara zama gaban gilashi, fuskarsa fal murna.

“Ki yi haƙuri Hajiya, ki aiki wani. Yaya ya ce ba inda za ni.”