Kwalbatin da Na Yi da Marmara

Ba zan taɓa mantawa da kwalbatin hanyar Wurma ba, ko da kuwa mutanen Kurfi sun yi mini alfarma sun manta (ba su manta ɗin ba).

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai ne. Na dawo daga koyon gini a birni da tef ɗin awo a aljihu da girman kai fal ciki. Aikin farko da aka damƙa mini shi ne ɗan kwalbati a kan wani kwazazzabo da ke hana mutane zuwa kasuwa da damina. In ya yi kyau na zama magini, in ya lalace shi ke nan.

Motar da za ta kawo tsakuwa daga Dutsin-Ma ta ƙi zuwa. Ga marmara kuwa, jan dutsen nan mai ramuka, birjik a gefen hanya. Na sa leburori suka farfasa ta, na ce da ita za mu haɗa kankare.

Baba Audu, tsohon maginin da aka haɗa ni da shi, ya damƙi marmarar ya murza. "Ɗana, tana yi, amma ƙishirwa gare ta. A tankaɗe jar ƙasar, a wanke, a jiƙa ta ta ƙoshi. In ba haka ba, ita za ta shanye ruwan simintinka."

"Baba, wannan aikin ilimi ne," na ce masa. (Har yau in na tuna, sai na ji kamar in nutse.)

Haka muka zuba ta, busasshiya, da ƙasarta da komai.

Ranar buɗewa ta faɗo ranar kasuwa. Mai gari ya zo, masu tallar nono sun sauke ƙore suna kallo. Wani dattijo ya tambaya, "Malam, zai ɗauki shanu kuwa?" Maimakon in amsa da baki, sai na haye tsakiya, na daka tsalle, na dira da ƙafa biyu.

Abin ya ɓurma kamar ƙanzo. Na zurma har ƙugu, ƙafafuna na lilo ta ƙasa, farin wandona ya maƙale a jikin rodi ya tsage tun daga sama har ƙasa. Sai wata tsohuwa ta ce, "Wayyo, kwalbati ya haɗiye mai shi!" Kasuwa ta kece da dariya. Da igiyar shanu aka jawo ni.

Ban ƙara samun ko ginin akurki a ƙasar Kurfi ba. Na koma noma ina da sauran ƙarfina, kuma baƙin cikin bai sake ni ba har yanzu.

Abin da na koya dai guda ne, shi ma ya zo a makare: in za ka gwada ƙarfin aikinka gaban jama'a, tura jaki ya fara hawa.