Alhaji Ilu Ya Juya Ƙofa

Layinmu a Ɗorayi gangare ne, kuma har bara ƙasa ce zalla. Idan aka yi ruwan sama, masu adaidaita sahu sukan sauke mutum a bakin kwalta su ce ya ƙarasa da ƙafa. Wadda ta fi kowa shan wahala ita ce Inna Tasalla, tsohuwar da gidanta yake can ƙarshen gangaren, inda duk ruwan layin yake taruwa. Katangar zaurenta ta riga ta tsage, magini kuma ya gaya mata ba za ta ƙara jure wata damina ba. Don haka da aka kawo shawarar a haɗa hannu a shimfiɗa wa layin tubalin intalok, a ja masa kwata, ita ta fara cewa ta yarda.

Kowa ma ya yarda da aikin. Wajen rabon kuɗin ne aka watse. Masu tafiya a ƙafa suka ce masu mota ne suka farfasa hanya, su ya kamata su ɗauki kaso mai tsoka. Masu mota suka ce ai ba motocinsu ne suke kawo ruwan sama ba. 'Yan haya suka ce a nemi masu gidajen, masu gidajen kuma suka ce su ba sa kwana a nan. Wani ya ce a auna faɗin fuskar kowane gida, nan take masu manyan gidaje suka ce igiyar awo ba ta san halin da aljihu yake ciki ba. Da ƙyar mai unguwa, Malam Sabi'u, ya samo abin da kowa ya haƙura da shi: duk gidan da ƙofarsa take buɗewa cikin layin zai ba da kaso ɗaya.

Alhaji Ilu mai sayar da taya, wanda gidansa ne na farko a kan kwana daga bakin kwalta, ya tashi daga wannan zaman ya wuce gida. Sai kawai aka wayi gari aka ga magina a gidansa. Kafin sati ya zagayo sun toshe ƙofar da take kallon layi, sun shafe ta da siminti, sun fasa wata sabuwa ta ɓangaren kwalta, har da fenti kore.

Ɗan kwangilar da aka ba aikin kuwa ya ce daga sama zai faro aikin, daidai jikin katangar Alhaji, kuma ba zai sauke tubali ko ɗaya ba sai kason kowa ya shigo. Wasu da suka ga Alhaji ya zame suka fara cewa su ma za su dakata su ga yadda za ta kaya. Ga hadari ya fara haɗuwa da yamma.

Mai unguwa ya sake kiran taro bayan la'asar a farfajiyar Islamiyyar layin. Inna Tasalla ta dogara sandarta ta hauro, aka ba ta kujera a gefe kusa da mu mata. Malam Sabi'u ya yi ta lallashi, ya ambaci haƙƙin maƙwabtaka, ya tuna wa Alhaji cewa a layin nan aka yi sunan 'ya'yansa duka, aka kafa rumfa aka tare hanya babu wanda ya yi ƙorafi. Alhaji ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, sannan ya gyara zaman hularsa.

Ya ce, "Mai unguwa, ni fa ban karya doka ba. Ku kuka ce mai ƙofa a layi. A tashi a je a duba, idan an ga ƙofata a layin nan, yanzu zan biya."

Malam Sabi'u ya ce ai kowa ya san ranar da ƙofar ta tashi.

"To ta tashi. Ni yanzu mutumin bakin kwalta ne. Ban bi ta layinku ba, iyalina ba sa bi, motata ba ta bi. Me nawa a ciki?"

Sai Inna Tasalla ta ɗan buga sandarta a ƙasa, ta ce a ba ta dama. Alhaji ya juyo da fara'a ya ce, "Bismillah, Inna, ke ai uwa ce."

Ta ce, "Gaskiyarka ne, ɗan nan, kai ka ƙaura, Allah ya sanya alheri. Sai dai ƙofa ka juya, ba ka juya rariya ba. Ruwan wankanka har yau ɗan layinmu ne, rani da damina a zaurena yake kwana. Kai mun yafe maka, shi za ka biya wa."