Yadda Madam Asabe Ta Kama Ƙadangaruwa

Ba zan taɓa mantawa da Litinin ɗin da aka tace ni daga cikin ɗaliban makarantarmu kaf, kamar yadda Umma ke tace gasara ba. Har yau in na ji an busa usur, sai na nemi wurin ɓuya.

Amma bari in fara daga farko, kada ku ce na cika gaggawa (na cika, kowa ya sani).

Ina aji biyar a wata sakandare a unguwar Garki ta babban birnin tarayya, gidanmu kuma yana unguwar Lugbe. A wayar Yayana na fara ganin manga, wato labarin zane irin na mutanen Japan. Cikin masu zana shi akwai wani da na ɗauka tamkar kawuna. Na haddace tarihinsa fiye da duk abin da aka koya mini a aji. Ɗan ƙauye ne, ya shigo birni da jaka ɗaya, ya yi ta kai zanensa ana dawo masa da shi. Ya yi shekaru a ƙarƙashin wani babban mai zane, aikinsa kawai cike gashin mutane da baƙar tawada da zana gine-ginen da ke bayansu. Da ya samu nasa labarin kuwa, kowane mako sai ya fitar da sabon babi, ko bayansa na ciwo ko ba ya ciwo. Abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne, duniya ba ta san fuskarsa ba. In zai nuna kansa, sai ya zana butar shayi mai gashin baki a gefen shafi, ya rubuta wa masu karatu 'yar gaisuwa a ƙarƙashinta.

Na ce shi ke nan, na samu sana'a.

Matsalar ɗaya ce, Abba. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, mutumin da ko takardar gayyatar biki sai ya sa mata fayil. Ranar da ya buɗe littafina na kimiyya ya tarar da zane ya fi rubutu yawa, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "In na sake ganin mutum mai ido kamar faranti a takardarki kafin ki gama makaranta, alƙaluman nan za su koma ofis da ni." Alƙaluman zane ne masu siririn baki guda shida da Yaya ya ba ni. Da a taɓa su gara a aske mini kai.

To sai na yi abin da kawuna na Japan ya yi, na ɓoye fuskata. Na zama Ƙadangaruwa, ƙadangare mai ɗankwali da ke leƙowa daga gefen kowane shafi. Labarin kuwa na wata dodanniya ce mai ƙaho biyu da ke tsare ƙofar makaranta, in ta busa usur duk wanda ya makara sai ya zama tsintsiya. Ba sai na gaya muku ba, Madam Asabe ce, mataimakiyar shugaban makaranta, wadda ke tsayuwa a bakin get tun kafin rana ta gama shiri.

A cikin motar haya nake zanawa in za ni makaranta, takarda a kan gwiwa, cunkoson hanyar filin jirgi na ba ni lokaci kyauta. Kowace Litinin ƙawata Rahila, 'yar unguwar Gwarinpa, za ta jefa sabon babi ta tagar wani aji, daga nan ya yi ta yawo a ƙarƙashin tebura. Ita kaɗai ta san ni ce. Makaranta ta rikice. Wasu suka ce wani yaro ne ɗan aji shida, wasu suka rantse malamin zane ne da kansa. Ni kuma ina zaune ina kaɗa ƙafa, bakina na ƙaiƙayi, ji nake kamar in hau tebur in ce ga ni.

Tunda ba damar hawa tebur, sai na huce a kan 'yar gaisuwar nan ta ƙarƙashin ƙadangare. Kowane mako sai na gaya wa masoyana halin da nake ciki, kamar yadda manyan masu zane ke yi.

Rahila ta karanta ta mako na biyar ta dube ni. "Ke, wannan surutu naki zai kashe mu fa. Me ya sa ba za ki sa lambar gidanku ba gaba ɗaya?"

Na ce, "Ba ki san aikin ba ne. Haka ake yi a Japan."

"To, Allah ya kai ki Japan ɗin kafin Madam ya kama ki." (Hausar Rahila ba ta damu da mace ko namiji ba, amma gaskiyarta ba ta kuskure.)

Litinin ta mako na tara, muna tsaye a filin taron safe, rana ta fara cizo, sai ga Madam Asabe ta hau dandamali da ambulan ruwan ƙasa a hannu. Ta zaro takardu. Ko daga layin baya na gane ƙahonin da na zana da hannuna. Na rasa inda zan ajiye hannuna, na sa a aljihu, na fitar, na gyara hijabin da ba abin da ya same shi.

"Yau muna da babbar baƙuwa daga Japan," in ji Madam. "Amma tana da kunya. Za mu taya ta fitowa. Kowa ya tsaya cak."

Ta busa usur.

"Ƙadangarenmu na ɗaura ɗankwali. Maza, ku tsuguna."

Rabin makaranta ya yi ƙasa. Na ce a raina ba komai, mata ai muna da yawa.

Ta gyara tabarau ta karanta: "'Masoyana, ku yi haƙuri da karkacewar layi, ramukan titin unguwarmu ta Lugbe ne.' Duk wadda ba a Lugbe take ba, ta tsuguna."

Nan na yi dabara, na fara lanƙwasa gwiwa a hankali. Sai wata 'yar ajinmu mai bakin rediyo ta ce da ƙarfi, "Ke kuma ina za ki? Ba mota ɗaya muka shigo ba?" Na miƙe kamar dama miƙa nake yi. Na waiga wajen Rahila, ta tsuguna ta rufe fuska da littafi, kafaɗunta na rawa. Ban sani ba ko kuka take ko dariya (na sani).

"'Makon nan an cire mini haƙori, ku sa ni a addu'a.' Wadda haƙoranta suke cikakku, ta tsuguna."

Muka rage mu uku a tsaye cikin filin nan mai faɗin duniya. Na damƙe bakina, harshena kuwa ya tafi kai tsaye ya zauna a gurbin haƙorin kamar mai nuna wa 'yan sanda hanya.

"'Na ci uku cikin ashirin a lissafi, amma fasaha ba ta san lamba ba.'"

Ɗaya daga cikinmu ta tsuguna da sauri har da ɗaga kai, don ita ce ke zuwa ta ɗaya a lissafi. Saura ni da wata 'yar aji huɗu da ta fara hawaye ba ta san laifinta ba.

Madam ta ɗaga takarda ta ƙarshe, ta yi gyaran murya. Na san wacce ce. Na roƙi ƙasa ta tsage, ƙasar Garki kuwa siminti ce.

"'A gafarce ni, babu babi makon jiya. Awarar bakin get ta yi mini juyin mulki a ciki, kwana biyu ina zarya tsakanin ɗaki da bayi, har buta ta san takuna.'"

'Yar aji huɗu ta ɗaga hannu tana shessheƙa. "Ma, wallahi ni ba na cin awara."

"Tsuguna, 'yata."

Dariyar da aka yi, na tabbata an ji ta a Gwarinpa. Malamai na riƙe ciki. Mai gadi ya bar get ya matso. Ni kaɗai a tsaye kamar sandar tuta, da gurbin haƙori da uku cikin ashirin da tarihin cikina a hannun jama'a.

Madam ta dube ni ta saman tabarau. "Ƙahon da kika ba ni na yafe. Amma wannan takalmin kamar kwalekwale, yaushe kika taɓa ganina da shi? Gobe ki zo da mahaifinki."

Washegari Abba ya zauna a ofishinta cikin farar shadda, ya jera babi takwas a kan tebur bisa tsari, ya karanta su ɗaya bayan ɗaya kamar takardun kwangila. Ina tsaye ina sauya ƙafa. A babi na shida ya tsaya. Akwai wata gaisuwa da Madam ta yi mini sutura ba ta karanta a fili ba.

Ya karanta a hankali: "'Ban samu zana da yawa ranar Asabar ba, Abbana na barcin rana, munsharinsa ya fi janareton maƙwabta.'" Ya cire tabarau. "Janareto."

"Abba, ƙarami nake nufi."

Madam ta juya tana neman wani abu a cikin durowar da na ga babu komai a ciki.

Abba ya miƙo hannu, na zuba masa alƙaluma shida. Ya jera su a aljihun gaba kusa da biron ofis. A mota, da muka kusa gida, ya ce, "Shi mutumin naki na Japan, haka yake gaya wa duniya abin da ke cikin hanjinsa?"

Da yamma na karɓi wayar Yaya na bi gaisuwar kawun nawa ɗaya bayan ɗaya, ina neman hujjar kare kaina. Ga iyakar abin da yake faɗi: An yi ruwa. Furanni sun fito. Ya sha shayi mai daɗi. Na gode da karatu. Shekara da shekaru mutumin nan yana magana kowane mako, bai taɓa faɗin ko sunan layinsu ba.

Ni na kwaikwayi abin da yake rubutawa, ban lura da abin da yake bari a cikinsa ba. Yanzu alƙalumana na can suna sa hannu a takardun gwamnati, 'yan aji ɗaya kuma in sun gan ni sai su ce, "Anti, ya cikin?" In har kin yi niyyar ɓoye fuska, 'yar'uwa, ki fara da rufe baki.