Akoko Ta Tafi Ɗebo Itace

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da tsoron abin da ke tafe, Fo Mawuena Dogbevi, mai kula da tsohuwar kwamfutar madatsar ruwan garinmu, tare da ma'aikatan ɗakin sanyin da aka ajiye ta baki ɗaya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rashin Akoko, ɗaya daga cikin tagwayen injinan faifai biyu na kwamfutar. Ba za mu ce ta mutu ba, domin a ƙasarmu ta Togo ba a faɗin haka ga 'yan biyu. Akoko ta tafi daji ɗebo itace ranar Talata da hantsi, bayan shekara talatin da huɗu tana aiki.

Marigayiyar doguwa ce, ta kai ƙugun mutum, ga nauyin da sai ƙarti huɗu suke ɗaga ta. Kowace safiya Fo Mawuena zai ɗora mata faifai ya rufe murfi, ta ce "huuuum" har ta daidaita numfashi, sannan "taƙ, taƙ-taƙ," ta fara karatu. Allurar da take karatu da ita ba ta taɓa taɓa faifai ba, a kan iska take shawagi, shi ya sa ko gyaɗa ba a ci a gabanta, kada ɓurɓushi ya shiga tsakaninsu. A cikin faifan nan aka ajiye tsayin ruwan kogin na kowace rana tun kafa madatsar, da lissafin da yake faɗa mana ƙofa nawa za a buɗe idan ruwa ya taso, yadda ƙauyukan da ke ƙasa ba za su nutse ba. Masu ilimin da suka tsara lissafin duk sun riga mu gidan gaskiya. Babu wanda ya san shi da ka.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. Ranar Litinin ta fara wani ɗan "tin, tin" kamar cokali a bakin kofi. Fo Mawuena ya sauya mata matacin iska, ya duba bel, ya goge mata ciki, ya ce mura ce. Washegari ta yi "ƙiiiii" har haƙoran mutane suka mutu, ɗakin ya cika da ƙauri.

A nan ne kuma, wayyo, Fo Mawuena ya yi abin da shi da bakinsa ya shekara talatin yana hana kowa. Don ya gane ko cutar a faifai take ko a jikinta, ya ɗauko faifan ajiya, na farko cikin kwafi biyu, ya ɗora mata. Allurar da ta riga ta karye ta yage shi nan take. Hankalinsa ya tashi, ya cire shi da gudu ya kai wa 'yar'uwarta Akuele, wai ta duba ko da sauran rai.

Sai ga Da Sename, wato Yaya Sename, mai rubuta tsayin ruwa, ta shigo da ƙunshin ablo, wainar masara, a hannu ta tarar da shi. "Fo, ka haukace? Cire! Ka kashe guda, za ka shafa wa ɗayar?"

Ya cire. Amma Akuele ta riga ta juya shi kamar sau goma.

Marigayiyar ta bar 'yar'uwarta Akuele, da kwamfutar da suka yi wa hidima, wadda yanzu sai ƙifta fitilu take ba ta cewa komai, da injin buga takarda, da faifai guda ɗaya tak da ya rage a duniya mai ɗauke da lissafin. Da Sename ta kulle shi a kabad, ta ɗaure makullin a bakin zaninta, ta rantse ko minista ne ya zo sai ya bi ta kan gawarta. Akuele kaɗai ce za ta iya karanta faifan nan. Idan ta ɗauki cutar, za ta yage shi. Idan ba a ɗora mata ba, ƙofofi sai dai a buɗe da ka. Fo Mawuena ba ya cin abinci, yana zaune kusa da Akuele da kunne a jikin murfinta. Jiya ya ce ya ji "tin" guda ɗaya. Da Sename ta ce awarwaronta ne, alhali ba ta sa awarwaro ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara a bayan ɗakin janareta. An riga an sassaƙa 'yar tsanar itace an ajiye kusa da Akuele, yadda ake yi wa 'yan biyu, don kada kewa ta sa ta bi 'yar'uwarta. Babu ganga, babu ƙaho, kada ƙasa ta girgiza. Mai kuka ya yi a waje, ya karkaɗe takalmansa. An ce wa masu haƙa su faɗaɗa ramin.

Ana ta ruwa a arewa kwana biyar ke nan, kogin kuma saura taki biyu ya taɓa jan layin hatsari. Saboda haka iyalan marigayiyar suna roƙon masu zuwa ta'aziyya daga ƙauyukan ƙasan madatsa su taho da tabarmi, da yara, da awaki. Wurin zaman makokin a kan tudu yake, kuma kada kowa ya yi saurin komawa gida.