Ikram da Lilon Mai Girma

Jama'a, ku yi mini sannu. Ranar Asabar ɗin da ta wuce na kai iyalina shaƙatawa, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bayana bai daina ciwo ba. Masu hali idan sun dawo daga hutu sheƙi suke yi. Ni da na dawo, Baffa Salihu mai shayin bakin layinmu a Kabara kallona ya yi sama da ƙasa ya ce, "Malam Auwalu, rasuwa aka yi ne ba mu ji ba?"

Ikram ce ta jawo mini, 'yata ta fari, 'yar aji biyu a firamare. Ranar da aka ba su hutu, ƙawarta Hafsa ta ce za a kai ta Abuja, wata ta ce su kuwa aikin Umara za su tafi. Ita kuma Ikram, don kada a bar ta a baya, ta buɗe baki ta ce Abbanta zai kai ta wurin lilo. Da ta dawo gida ko jakarta ba ta ajiye ba ta tsaya a gabana.

"Abba, na riga na faɗa musu fa. Kuma Anti ta ce idan an koma kowa zai tashi ya ba da labarin hutunsa."

Na ce to, za mu duba. Ku da kuke da 'ya'ya kun san ma'anar "za mu duba". Matata Mabruka ma ta sani, shi ya sa bayan kwana biyu ta tare ni a tsakar gida.

"Baban Ikram, tun da aka yi hutun nan yaran nan ba abin da suke gani sai bangon soro. Khalid ya fara hawa buhun masara yana cewa mota ce. Ko nan kusa ne ka fita da su."

Gaskiyarta. A lungunmu idan yaro ya buga ƙwallo, a tukunyar maƙwabta take sauka. Filin da muka yi wasa muna yara yanzu shaguna ne bene a kan bene. Kududdufin da muke jifan kwaɗi a bakinsa an cike shi an yanka filaye, kuma an ce duk don ci gabanmu aka yi. Mun gode. Mun ci gaba har yara sun rasa inda za su tsaya.

Baffa Salihu ne ya kawo mafita. Ya ce ai an gina wani wuri can bayan Ƙofar Na'isa, Lambun Farin Cikin Yara, shiga kyauta. Ya ce da idonsa ya gani a waya: ga lilo, ga ciyawa koriya shar, ga furanni, ga kuma Mai Girma Sarkin Almakashi yana yanka ƙyalle ana tafi. Kada ku tambaye ni wane ne. Kowace unguwa da nata, kuma duk murmushinsu iri ɗaya ne.

Ranar Asabar tun da safe Mabruka ta haɗa gurasa bandashe cike da babban kwano, ta ɗura zoɓo a jarka. Ikram ta sa kayan sallarta. Muna shirin fita sai ga Gwaggo 'Yardada, ƙanwar mahaifina, ta fito daga ɗakinta da mayafi da tabarma a hammata.

Na ce, "Gwaggo, wurin yara ne fa."

Ta ce, "Na ji. An ce aiki aka yi aka gama. Ni tun da nake ban taɓa ganin wanda aka gama ba. Ku tafi da ni in gani kafin in mutu."

Maƙwabcina Muttaka ne ya ɗauke mu a adaidaitarsa. Mun fito titi ke nan ya juyo ya ce, "Yallaɓai, sai dai mu ɗan biya gidan mai." Wannan "ɗan" nasa ya ci mana rabin safiya. An sha faɗa mana cewa mai ya wadata a ƙasar nan har an rasa inda za a zuba shi. Na yarda. Tankin Muttaka dai yana cikin wuraren da aka rasa. Khalid, ƙanin Ikram, da ya ga taron jama'a da hayaniya da masu tallar rake, ya ɗauka mun iso.

"Abba, nan ne? Ina lilon?"

Na ce masa a'a, wannan wurin shaƙatawar manya ne.

Da muka isa lambun, ni kaina sai da na yi salati. Ƙofa ce gagaruma, fenti na ƙyalli, a samanta hoton Mai Girma ya fi ƙofar girma, yana murmushi kamar shi ya haifi yaran garin. Ga rumfuna, ga kujeru, ga makaɗa suna gwada ganguna. Wani matashi mai kwat da kati rataye a wuya, wanda na ji ana kiransa Nazeer, ya tare mu da tafin hannu.

"Kai malam, ina zuwa? Yau ake buɗe wurin nan, sai masu gayyata."

Na ce, "Ba an buɗe ba? An ce har a waya an nuna."

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda bai yi karatu ba. "Waccan buɗewa ce. Yau ƙaddamarwa. Miƙawa ga al'umma sai nan gaba."

Na juya zan fara lallashin Ikram, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, fuskarsa ta canja. Ashe motar da za ta kawo yaran da aka shirya don bikin tana can layin mai. Ya kashe wayar, idonsa ya sauka a kan Ikram da kayan sallarta, ya sauka a kan Khalid.

"Alhaji! Yaran nan naka ne? Wallahi Allah ne ya kawo ka. Bismillah, ku shigo."

Kun ga yadda ake samun hajji a garin nan ba tare da an hau jirgi ba.

Aka ɗora Ikram a kan lilo mai ruwan ɗorawa, aka zaunar da Khalid a kan na kusa da ita. Mu iyaye aka kora mu bayan igiya, cikin rana, don rumfunan na manyan baƙi ne. Ikram ta miƙe ƙafa za ta fara, Nazeer ya riƙe sarƙar.

"A'a, 'yan mata. Ba a lilo sai Mai Girma ya zo."

Haka yarinyar nan ta zauna, hannu biyu a kan sarƙa, ƙafa na reto, ba ta motsi. Lokaci-lokaci ta waiwayo ta dube ni, ni kuma in ɗaga mata hannu in yi murmushin da ban san inda na samo shi ba. Rana ta take. Makaɗa suka gaji suka zauna. Aka kira azahar, muka yi salla a gefen katanga, Mai Girma shiru. Gwaggo ta taɓa ciyawar da ƙafarta, ta sunkuya ta ja ta, ta ɗago ta dube ni.

"Auwalu, wannan ciyawar ai darduma ce."

Na ce, "Gwaggo, yi a hankali, ta zamani ce."

Can sai jiniya. Motoci suka yi ta shigowa har na fara tunanin ko a nan man garin ya ƙare. Mai Girma ya fito, aka yi kirari, aka yi tafi. Ya hau mumbari ya ce daga yau babu yaron da zai sake kuka a wannan yanki. Daidai lokacin Khalid, wanda yunwa da rana suka gama da shi, ya ɓarke da kukan da ya fi lasifikar ƙarfi, sai da Mabruka ta tsallaka igiya ta ɗauke shi. Aka miƙo almakashi a kan faranti, aka yanka ƙyalle. Sannan Mai Girma ya tako har bayan Ikram, ya sa yatsu ya ɗan tura lilon. Masu hoto suka yi ta walƙiya.

"A sake, ranka ya daɗe, ka rufe ido."

Ya sake turawa. Ya sunkuya ya ce, "Yaya sunanki?"

"Ikram."

"Madalla. Allah ya yi miki albarka, Maryam."

Kafin lilon ya gama tsayawa, jiniya ta riga ta kai titi.

Na sauke ajiyar zuciya na ce to, yanzu wuri ya zama namu. Ikram ta dube ni, na gyaɗa mata kai, ta cilla ƙafa sama. Ba ta je ta dawo sau uku ba sai ga wata babbar mota tana shigowa da baya. Ma'aikata suka diro. Wasu suka kama ciyawar suna naɗe ta kamar tabarmar masallaci, wasu suka kwashi tukwanen furanni. Wani ya durƙusa a gindin lilon da sufana ya fara kwance ƙusa, direban motar kuma ya kama sarƙar.

"Sauko, 'yan mata. Ana jiran sa a wata unguwa, da la'asar za a buɗe nasu."

Jama'a, na sha rubuta maganganu masu zafi a wannan shafi, amma ban taɓa jin abin da na ji ba lokacin da yarinyar nan ta dube ni. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi kuka da ya fi mini sauƙi. Ta ƙanƙame sarƙar kawai ta ce, "Abba, ai ka ce."

Na ruga wurin Nazeer, na same shi ya sa ƙafa ɗaya a mota. Na fara bayani, har da Turanci. Ya ce, "Malam, ka zo ofis ranar Litinin," ya ja ƙofa. Hajjin nawa ko yini bai yi ba.

Da na juyo, sai na ga Gwaggo ta shimfiɗa tabarmarta a tsakiyar ƙofar lambun, inda babbar motar za ta bi ta fita, kuma babu wata hanyar. Ta zauna ta miƙe ƙafa, ta jawo kwanon gurasa ta buɗe.

Direban, Lawal sunansa, ya zo yana sosa ƙeya. "Haba Iya, ki taimaka. Aikinmu ne, mu ma aiko mu aka yi."

"Na sani, ɗan nan. Ni tsohuwa ce, tun safe nake tsaye, ƙafata ta riƙe. Idan jikokina sun gama lilo za ta sake ni." Ta dube shi da kyau. "Kun ci abinci kuwa?"

Ya kalli kwanon. Ƙamshin ƙuli da man gyaɗa ya riga ya isa wurin masu naɗe ciyawa, aikin ya fara tafiyar hawainiya. Ashe tun asuba suke kafa lambun nan, kuma abincin da aka kawo na masu rumfa ne. Ɗaya bayan ɗaya suka wanke hannu suka kewaye kwanon. Mabruka ta yi ta zuba zoɓo.

Lawal, da baki cike, ya ce, "Wallahi Iya, lilon nan mun kafa shi mun cire har ƙusoshin sun saba da hannunmu. Amma ban taɓa ganin yaro ya hau shi da gaske ba. A bar ta ta yi."

Matsala ɗaya: an riga an kwance ƙafa biyu, kuma mai sufana ya ce ba zai ɗaura abin da zai sake kwancewa ba, ga shi hannunsa duk mai. Don haka ni na rungume ƙafa ɗaya, Muttaka ya rungume ɗaya, muka zama ƙusoshi. Ikram ta tashi sama, kayan salla na kaɗawa, tana ihu tana dariya, "Abba, ina hango bayan katanga!" Khalid ya manta da kuka ya hau nasa. Mabruka ta juya baya tana gyara mayafi, na san hawaye take sharewa.

Ba a jima ba yaran unguwar, waɗanda tun safe ake kora daga bakin ƙofa, suka fara lallaɓowa ta gefen tabarmar Gwaggo. Ta ce su shige. Ikram da kanta ta jera su layi, tana cewa kowa ya yi kaɗan ya ba na baya. Layi ne mafi adalci da na gani a wannan shekara. Ni dai ina rungume da ƙarfe, duk wanda ya cilla sama sai na ji shi a ƙugu.

Wayar Lawal ta yi ta ruri. Da ya gaji ya ɗauka, ya lashe yatsa ya ce, "Yallaɓai, muna layin mai." Aka kashe ba tare da ƙarin tambaya ba. A ƙasar nan wannan ce maganar da ba a taɓa ƙaryatawa.

Sai da aka kira la'asar Gwaggo ta ce ƙafarta ta sake ta. Aka ɗora lilon a mota, ma'aikatan suka yi mata godiya har da durƙusawa. Muka waiwaya muka dubi Lambun Farin Cikin Yara: jar ƙasa fetal, ramukan ƙusa, ledojin ruwa, sai ƙofa da hoton Mai Girma yana ta murmushi shi kaɗai.

A hanya Ikram ta jingina da ni, idonta na lumshewa, ta ce, "Abba, yaushe za mu dawo?"

Na ce, "Lilon ya tafi aiki, sai ya samu hutu."

Ni fa ban zo yin ƙorafi ba. Yabo na zo yi. Kullum muna zargin manyanmu da almubazzaranci, ga shi ashe lilo ɗaya suke juyawa gari guda. Wace ƙasa ce ta kai mu tattali? A wasu wuraren sai ka ɗauki yara ka je wurin shaƙatawa. Mu nan wurin shaƙatawar ne yake zagayawa, kowace unguwa ta samu rabonta na rabin yini, har da kiɗa.

Don haka idan kun wayi gari kun ga ana kafa rumfuna a wani fili kusa da ku, ga mota ɗauke da ciyawa a naɗe, ku yi wa yara wanka maza-maza. Ba sai kun nemi katin gayyata ba. Ku dai cika kwano, kuma duk abin da za ku manta, kada ku manta da tsohuwarku.