Tafintar da na yi wa Goggo Hauwa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da na tsaya tsakanin tsohuwar da ta goye ni da wakiliyar gwamnati, na yi musu tafinta. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

A unguwarmu ta Briqueterie akwai 'yan ƙananan ƙungiyoyi tara masu hidima da yara da iyali. Wasu marayu suke kula da su, wasu matan da mazansu suka rasu, wasu kuma renon 'ya'yan matan da ke wuni a kasuwar Mokolo. Gwamnati ba ta bin irinsu ɗaya bayan ɗaya. Sai kun haɗu kun kafa uwar ƙungiya, ita za a ba tallafi, ita kuma ta horar da ku ta raba muku. Muka kafa tamu, aka naɗa ni sakatare (ba don na fi kowa hankali ba, don na fi kowa Faransanci). Na rubuta takardar neman tallafi, bayan watanni aka aiko cewa wata jami'a za ta zo ta gan mu da idonta.

Tun kafin nan mun yanke shawara cewa in tallafin ya fito, da rufin zauren Goggo Hauwa za a fara. A zauren nan take riƙe yara goma sha wani abu daga safe zuwa la'asar. Kwanon ya ruɓe, in ruwa ya sauko sai ta jera robobi ta tattara yaran a kusurwa ɗaya. Ni kaina a zauren na yi rarrafe, lokacin da mahaifiyata ke sayar da atamfa a Mokolo.

To, ni da shegen wayona sai na ƙudurta cewa gwamnati ba ta ba matsiyaci kuɗi, tsari take so ta gani. Na ari shagon wani Alhaji a hanyar Tsinga na mayar da shi ofis. Na aro darduma, na aro labule, na aro kwamfuta (ba ta kunnuwa, amma in aka buɗe ta aka juya fuskarta bango wa zai sani?). Na sa aka gasa tsire na musamman. Na bi shugabannin ƙungiyoyi gida-gida ina cewa kowa ya sa kayan Sallarsa, kada a zo a kunyata mu da koke-koke.

Goggo ce kaɗai ta yi mini gardama. Ta ce ita a kai baƙuwar zauren ta ga kwanon. Na ce babu lokaci, kuma lungun ya yi taɓo. Gaskiyar magana kunya nake ji. Ba na son mace mai motar gwamnati ta tsallake kwatar lungunmu ta ga inda na fito.

Ranar Alhamis Madam ta iso. Da na ga sunanta a takarda, na kuma ji yadda take zuba Faransanci, sai na yanke cewa 'yar kudu ce, ba ta san ko "zo" da Hausa ba. Ta dubi labulen, ta dubi kwamfutar. Ta ce tana so kowane shugaba ya faɗi damuwarsa da bakinsa. Masu jin Faransanci suka bi karatun da na yi musu, komai lafiya, sai godiya. Ina ta murmushi kamar ango.

Sai aka zo kan Goggo, wadda ba ta jin Faransanci. Ta gyara mayafi ta fara. Ta faɗi robobin da take tarar ruwa, da tabarmin da ba sa bushewa, da yarinyar da tari ya kama har aka kwantar da ita asibiti. Ta ce iyaye sun fara ɗauke jariransu suna zama da su a bakin titi cikin hayaƙin babura. Ta daɗe tana magana.

Ni kuwa na juya na ce wa Madam, cikin Faransancin da nake taƙama da shi, Hajiya tana godiya ga hukuma, akwai 'yan ƙananan matsaloli amma muna shawo kansu. Maganar da ta ɗauki minti biyar na ƙare ta a numfashi ɗaya.

Goggo ba ta yi boko ba, amma ta san tsawon maganarta. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, ka faɗa mata maganar kwanon?"

Na ce, "Na faɗa, Goggo."

Madam ta rufe littafinta a hankali. Sannan ta ce, da Hausa, irin Hausar mutanen arewa mai ɗan gauraye da Fulatanci, "Bai faɗa ba, Goggo. Amma na ji."

Ashe babanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, a Ngaoundéré ta girma, cikin Hausawa. Wallahi ban san inda zan sa idona ba. Na kalli darduma, ta aro ce. Na kalli labule, na aro ne. Babu abin da yake nawa a ɗakin nan sai ƙaryar da na yi. Ba wanda ya taɓa tsiren.

Madam ta ce Goggo ta kai ta zauren. Ta cire takalmanta masu tsini ta riƙe a hannu, ta bi lungun da na ce ba ya biyuwa, ni ina biye da su riƙe da jakarta kamar ɗan dako. Ta ɗaga kai ta ga rana ta cikin kwanon. Da za ta shiga mota ta kira ni gefe, ba da faɗa ba, ta ce buƙatarmu gaskiya ce kuma za ta rubuta. Amma dole ta rubuta ɗayar gaskiyar ma: aikin uwar ƙungiya shi ne kai kukan ƙananan, tamu kuwa danne shi ta yi a gabanta.

Amsar da ta zo ita ce mu gyara shugabancinmu mu sake nema baɗi. Damina kuwa ba ta jira baɗi ba. Da ruwa ya yi ƙarfi Goggo ta rufe zauren, yaran suka koma bayan iyayensu a Mokolo. Na ajiye sakatarcin kafin a ce in ajiye. Wannan ne abin hankali ɗaya da na yi a duk lamarin.

Na je ba ta haƙuri. Na so ta zage ni, da na ji sauƙi. Ba ta yi ba. Ta zuba mini kunu, ta jira na kai baki, sannan ta ce, "Da kashinka da fitsarinka na sha ɗaukarka a zauren nan, ban taɓa jin kunyarka ba." Daga nan ta tambaye ni lafiyar matata.

An sake nema, wata malama ce sakatariya yanzu, kuma a zauren ake karɓar baƙi, da robobin da komai. Ni dai na koyi darasina da tsada, kuma ba ni na biya ba. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ni na ɓoye, kuma cibiyar ma ba tawa ba ce. Yanzu ko a wurin ɗaurin aure aka ce in yi tafinta, sai in ce maƙogwarona na ciwo.