Darar Kaka Ta Tafi da Tsohon Bod

"Lafiya lau, ya gajiya," in ji Kaka, bai ko dubi jikar tasa ba. Idonsa na kan kwamfutarsa, wadda ta kwana biyu a shagon jikar ana yi mata aiki. An sauya mata manyan kayan ciki, madabod da furosesa, aka goge komai aka ɗora sabuwar manhaja. Ya danna maɓalli, kafin ya gyara zama ta kunnu. Wannan ya fara ɓata masa rai, don tsohuwar sai ya dafa shayi ya dawo take buɗe ido.

"Amarya, wannan ba tawa ba ce. Tawa tana da kunya."

"Ba kunya ba ce, tsufa ne. Tare kuke fama da shi."

"Ina darata?"

"Ga ta nan, angona. Hotunanka da takardun fanshonka duk na kwashe kafin na goge, na mayar maka."

Kaka ya buɗe wasan. A gurbin da adadin cin da ya yi wa kwamfuta yake zama, abin da ya haura dubu, ya ga sifili. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Sifilin bai motsa ba. Ga shi yau da la'asar amininsa, tsohon direba, zai zo ya gani da idonsa, don ya daɗe yana cewa a majalisa Kaka cika baki kawai yake yi.

"Na ce ki ƙara mata sauri. Ban ce ki yi mata wankan gawa ba."

"Sabon bod ba ya shiri da tsohuwar manhaja. Dole a share a sake."

"To ni ma na sake. Na sake ki, saki uku. Kwashe sukundirebobinki ki tafi gidan ubanki."

"Gidan ubana ai naka ne. Kuma wannan ne saki na nawa a watan nan? Wa zai kwashi tsoho mai haƙori huɗu in ba ni ba?"

"'Yan mata layi suke yi a ƙofar nan."

"Masu karɓar kuɗin shara ne."

"Shekara da shekaru ina gumi a kan kujerar nan. Na ci na'urar nan da safe, na ci ta da yamma, har fankarta tana kuka. Yanzu direba ya zo in nuna masa me? Ƙwai?"

"Ka ce masa an yi mata aiki, ba ta warware ba."

"Sai ya ce dama ya faɗa. Maido min da tsohon bod ɗin."

"Lambar ba a bod take zaune ba, Kaka. Ta tafi."

"An ba ki takardar shaida a kan wannan ɓarnar? Ni na biya kuɗin makarantar, a dawo min da abina."

Jikar ta ja kujera ta zauna, ta fara naɗe wayar caja a hannu, a hankali.

"Kafin na goge, sai da na buɗe darar taka na duba."

"Kin ga aikin maza."

"Na gani. Na kuma ga abin da ke rubuce a sama, da manyan baƙaƙe. Matakin yara. Har da hoton ɗan agwagwa a gefe."

Shi dai Kaka ya san wata rana da wasan ya matsa masa ya danna wani wuri, daga nan nasara ta buɗe. Bai taɓa ganin dalilin komawa ya binciki abin da Allah ya rufa ba.

"Agwagwar ado ce," ya ce.

"Direba ya sayi sabon tabarau. Mutumin da ko kwalin magani aka ajiye sai ya karance shi tas."

Kaka ya dubi ƙofa, ya dubi sifilin. Sai ya ga ashe sifili ma yana da kyawunsa, ga shi a zagaye, ba ya tona asirin kowa.

"Kin goge da kyau dai?"

"Ko ni ba zan iya dawo da shi ba."

"Agwagwar fa?"

"An yanka."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya jawo durowa, ya ɗauko gwangwanin alawar da yake rantsuwa babu shi a gidan, ya tura mata.

"Na mayar da ke ɗakinki. Amma in direba ya zo, zan zage ki a gabansa, zagi mai kyau, in ce kin hallaka min tarihi. Ki sunkuyar da kai. In kika yi dariya, a bakin aurenki."